Matakalar Inna da Tsagar da Na Ɓoye

Zuwa ga Malam Labaran, mai filin shawarwari.

Malam, don Allah ka taimake ni, na yi ɓarna da hannuna a gidanmu, yau kwana goma sha tara ke nan, ga damina ta ƙarato. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida iyali. Ka yi haƙuri da rubutuna, a ajin yaƙi da jahilci na koyi boko bara waccan, har yanzu hannuna ya fi sabawa da almakashi a kan alƙalami. Ni tela ne a nan Wudil. Kada ka buga sunana, sunayen mutanen da zan ambata ma na sauya su, don in Baffana ya ji an karanta wannan a bakin kasuwa, to na gama yawo.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, magini ne. Shi da ƙanensa, Baffa Gwadabe, suka gina gidan da muke ciki. Ɗakin mahaifiyata soro ne na ƙasa, rufin azara, da bakan gizo biyu da suka ɗauke rufin. A jikin bangonsa na gabas, ta tsakar gida, akwai matakala ta ƙasa mai hawa goma sha ɗaya da take kaiwa saman soron. A gefenta akwai 'yar katanga iya ƙugu, wadda mai hawa yake dafawa. Na ce akwai, amma gaskiyar magana a da ne akwai, zan zo kan wannan. An ce a shekarar da Inna take da cikina aka gina matakalar, shekara arba'in da ɗaya ke nan.

Tun ina yaro matakalar nan take ba ni haushi. Ba hawa biyu da suka zo daidai da juna. Wani gajere, wani ya ɗan fi, na bakwai kuwa faɗinsa ya isa mutum ya shimfiɗa buzu ya yi salla. Ni mutum ne da in ɗinki ya karkace ko da kaurin zare ne sai na farke shi, saboda haka kullum a raina nakan ce, ga Baba gwanin ɗaurin bakan gizo, amma matakala ta gagare shi.

Sana'ar Inna daddawa ce, kuma duk unguwarmu an san tata. A saman soron nan take shanyar kalwa da daddawa da kuɓewa da barkono, inda akuya da kaza ba sa kaiwa. Rana na fitowa za ka gan ta da faifai a ka, hannu ɗaya a kan katanga, tana hawa a hankali. Daga can sama ana hango kogi, ana kuma hango wani dogon rimi ta wajen Dagumawa, garin da aka haife ta. Maiɗakina Saudatu ta ce kullum sai Inna ta ɗan tsaya tana duban wajen kafin ta baza shanya. Ni ban taɓa lura ba sai da aka gaya mini.

Lokacin da Baba yake da rai, duk kaka yakan gyara matakalar da kansa. Bayan rasuwarsa, shekara tara ke nan, muka ci gaba da yi mata yaɓe, ni da duk wanda na samu. Ashe shi Baba sai ya kankare tsohon kafin ya sa sabo, mu kuwa laftawa kawai muke yi a kai. A haka kowane hawa ya kumbura ya zama kamar bayan ƙwarya, wurin sa ƙafa ya tsuke. A daminar da ta wuce, da hantsi bayan an ɗauke ruwa, santsi ya kwashe Inna a hawa na huɗu, ta karye a wuyan hannu. An yi ɗori, Allah ya sa ya kama. Ni kuwa ranar na rantse ba za ta sake hawa ba, na sa aka gicciya ƙyauren kara a bakin matakalar, na ɗaure da igiya.

Malam, ni ɗan fari ne, kuma Inna irin mutanen da ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In na durƙusa gaishe ta, bango take duba ta amsa. In tana son wani abu a wurina sai ta gaya wa Saudatu, ko ta faɗa wa iska a inda zan ji. Ba ƙi ba ne, na sani, kunya ce, amma ka ga ba yadda za a yi mu zauna mu yi shawara kamar yadda ƙannena suke yi da ita. To tun da na sa ƙyauren nan Inna ta zauna. Saudatu ta karɓi shanya, amma ba ta yi mata daidai, yau a ce an kwashe da wuri, gobe a ce an bari ta ƙone. Daga baya ma ta daina yin faɗan. Masu sayen daddawa su yi sallama, ta ce babu. Tuwo sai ta ɗan taɓa ta ture. Ta rame har awarwaronta yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Wallahi wannan zaman ya fi faɗuwar tsorata ni.

Sai na ce to bari in gyara matakalar ta koma hawa. Na fara zuwa wurin Baffa Gwadabe kamar yadda ya kamata. Ya zo, ya zagaya, ya ƙwanƙwasa bangon da sandarsa ciki da waje, ya ce za a iya gyarawa amma ba za a taɓa ɓangaren bango ba, kuma sai ya jiƙa ƙasa ta yi makonni tana ruɓa, kuma yadda ya ga dama zai yi. Na tambaye shi dalili, ya ce dalili na magina ne. Ni kuma a watan na je Kano sayen zare, na ga benaye a Fagge da matakalar siminti, kowane hawa daidai da ɗan'uwansa, ga ƙarfen dafawa sumul. Abin ya shiga raina. A zaure, a gaban mutane, na ce wa Baffa zamanin taɓo ya wuce, kuma in da an iya aikin tun farko da tsohuwa ba ta karye ba. Allah ya yafe mini. Ya sa takalmansa, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya fita. Wata huɗu ke nan bai tako gidan ba. A masallaci in na gaishe shi yakan amsa, iyakarta ke nan.

Na samo wani birkila, Bilya, da ya zo aiki garin nan. Kada ka ga laifinsa, tun farko ya ce shi bulo ya sani, bai san ginin ƙasa ba, ni na matsa masa. Na sayi siminti buhu biyu da bututun ƙarfe. Muka fara rushe katangar dafawa. Sai da diga ta shiga na lura da wani kwari a samanta, tun daga ƙasa har sama, ya yi santsi yana ƙyalli, daidai faɗin tafin hannu. Hannun Inna ne ya ci shi, shekara arba'in. Amma aikin gama ya gama.

Don matakalar ta yi faɗi, muka sassaƙe gindin bangon ɗakin kamar taƙi guda, tun da na ga yana da kauri har ya yi yawa. Muka saro hawa uku na sama, muka rage tudun na bakwai. Sannan muka haƙa ramuka a bango inda za a kafa ƙarfen. A rami na uku, daidai hawa na bakwai, diga ta daki itace. Muka tone, sai ga bakin azara huɗu ko biyar a ɗaure da igiya, sun fito daga cikin bango sun shige ƙarƙashin matakalar. Na ce a yanke su, har na aro zarto. Bilya ya daɗe yana duban su, sannan ya ajiye kayan aiki ya ce shi hankalinsa bai kwanta ba, a bar shi haka. Na ji haushinsa a ranar, yanzu kuwa addu'a nake yi masa.

Washegari na shiga gaida Inna, ina durƙushe na ɗaga kai, sai na ga tsaga a bangon gabas, ta taso daga ƙafar baka ta yi sama, siririya kamar zare. Bayan kwana uku tsinken tsintsiya yana shiga. Ga abin da ya fi damuna, wanda ban iya gaya wa kowa ba. Ranar da Inna ta shiga maƙwabta barkar haihuwa, na kwaɓa ƙasa na shafe tsagar, na sa Saudatu ta rataya tabarma a wurin, ta jawo jeren tasoshi gabanta. Saudatu ta yi, amma tana hawaye. Shekaranjiya na ɗaga tabarmar, tsagar ta sake fitowa ta cikin shafen. Uwata tana kwana a ƙarƙashin rufin da na raunata, ni kuma na rufe da tabarma don kada a ce Baffa ya yi gaskiya. In na zauna a keke sai in ɗinka hannun riga a baibai.

Ga shi kuma kamar tsufa ya fara taɓa ta, abin da yake ƙara tayar mini da hankali. Ta sa an jawo gadonta daga gabas zuwa bakin ƙofa, wai zafi, alhali nan ne rana ta fi duka. Ranar Juma'a ta ciro 'yar daddawar da ta rage mata, wadda ta hana masu saye, ta ƙulle ta ba maƙwabciyarmu Talatu ta kai gidan Baffa, ba suna ba biki. Yanzu kuma da ɗorawa ta nuna, ta hana Saudatu zubar da ɓawon, tana ta tara shi a bayan rumbu, har na gidan Talatu ta sa an kwaso mata. Mutumin da ya daina sana'a me zai yi da tarin ɓawo?

Malam, ga tambayoyina. In yi sauri in gama da simintin nan kafin ruwa, in ɗura sauran a cikin tsagar? Ko in rushe matakalar gaba ɗaya in huta, a kafa tsani na itace, ko da yake na san Inna ba za ta iya tsani ba? Baffa kuma da wane ido zan dube shi? Jiya da la'asar na ga hadari ya haɗo ta gabas, iska ta watsa shi, amma na gaba ba lallai ya watse ba. Ban fid da rai ba. Abin da nake so a duniya shi ne in ga tsohuwar nan da faifai a ka tana hawa, ɗakinta kuma yana tsaye. Ka gaya mini gaskiya ko da za ta yi ɗaci.

Naka,
Mai Almakashi, Wudil.

AMSA

Mai Almakashi, na amsa gaisuwarka, kuma rubutunka ba abin da ya same shi, na karanta tsaf. Saboda maganar ba ta jira, na aika maka da wannan amsa ta gidan waya tun ranar da takardarka ta iso, a nan kuma na buga ta don masu irin ginin su amfana.

Kafin ka kai ƙarshen takardar nan, ka ajiye ta ka je ka fitar da mahaifiyarka daga ɗakin. Ta koma ɗakin Saudatu, ko ka ba ta naka. Sannan ka nemo gwafa biyu ko uku masu ƙwari, ka tokare bakan da ya tsage daga ciki, ka sa faffaɗan itace a ƙarƙashin kowace da samanta don kada ta nutse a daɓe ko ta huda rufin. Kowa ya daina hawa soron. Aikin da kuka tone kuma a lulluɓe shi da zana da tsofaffin tabarmi, a yi wa ruwa hanya nesa da gindin bangon. In ka gama ka dawo mu ci gaba.

Ni ba magini ba ne, don haka na kai takardarka wurin wani tsohon magini a cikin birni na karanta masa. Da na zo wurin zarto sai ya dafe kai, da ya ji Bilya ya ƙi, ya ce Allah ya yi wa yaron nan albarka. Ga bayaninsa. Bakan gizo azara ce ake jerawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, har su haɗu a tsakiya. Kan azarar yana ɗauke da rufi, gindinta kuwa yana binne a bango, kuma nauyin ƙasar da ke kansa shi yake hana ta ɗagawa. Mahaifinka ya zarce da gindin azarar har ƙarƙashin matakala, ya danne shi da wannan faffaɗan hawa na bakwai. Matakalar tana tokare da bangon kuma tana danne da bakan. Da ka rage mata nauyi, ka kuma sassaƙe gindin bango, sai bakan ya motsa. Kaurin da ka ga ya yi yawa, shi ne ƙarfin ɗakin.

To ka ga amsar tambayoyinka biyu. Kada ka rushe matakalar, in ka rushe ta ɗakin zai bi ta. Kada kuma ka ɗura siminti a tsagar ko ka shafa shi a kan ƙasa. Siminti abu ne mai kyau a wurinsa, ni ma ɗakina daɓensa ne, amma ba ya kama jikin ginin ƙasa. Ruwa yakan shiga bayansa ya rasa mafita, bango ya jiƙe a ɓoye, wata rana ya ɓamɓaro da rabin bangon. Ka adana buhunanka a wuri busasshe, ka yi daɓen rumfarka ko bakin rijiya da su. Bututun ƙarfen ma ba asara, ya yi maka maratayin riguna.

Ba zan ce ba ka da gaskiya ko kaɗan ba. Matakalar ta zama haɗari, ka ga uwarka a ƙasa da karyayyen hannu, duk ɗan kirki zai yi abin da ka yi na hana ta hawa. Son a yi mata wuri mai faɗi da abin riƙewa ma daidai ne. Baffanka kuma yana da nasa, don da ya buɗe baki ya ce akwai azara a ƙarƙashi, da ba a kai nan ba. Tsofaffin masu sana'a suna da wannan hali na rowar dalili, kuma yana jawo ɓarna. Amma shi rowar magana ya yi, kai kuwa ka ci masa fuska a gaban jama'a, ka haɗa da ɗan'uwansa da ke kabari. Garin neman gira ka kusa rasa ido.

Kai tela ne. In riga ta matse mutum, ka san ba yanke ta ake yi ba, ƙyalle ake ƙara mata. Tsohon maginin ya ce gyaran ginin ƙasa ma haka yake. Da farko a mai da abin da aka cire. A cike ramukan nan uku, a mai da gindin bango da tudun hawa na bakwai, da tubali da ƙasa mai ramno, wato yankakkiyar ciyawa, wadda ta ruɓa, kaɗan-kaɗan, kowane sahu ya sha iska kafin a ɗora wani. Faɗin da kake so a samo shi ta tsakar gida, a haƙa sabon tushe a gefen matakalar a taso da shi a manne da tsohon. In hawa ya yi wa tsohuwa tsawo, a ƙara biyu ko uku daga ƙasa, matakalar ta miƙe ta yi kwance. Katangar dafawa a kan sabon tushen za ta zauna. In kuna son abin riƙewa a ɓangaren bango ma, a kafa sanduna a cikin sabon ginin tun yana ɗanye, a ɗaura musu gora, kada a sake huda bangon. Tsagar kuma kada a rufe ta yanzu. Ka manna 'yar takarda a gicciye a kanta da ƙaro, wuri uku, ka riƙa dubawa kowace safiya. In mako biyu suka wuce bayan an mai da nauyin takardar ba ta yage ba, bakan ya zauna, sai a buɗe tsagar a cike ta yadda ya dace. In ta yage, sai an sauke wannan ɓangaren rufin an sake ɗaurin, kuma gara a yi haka da a yi jana'iza. A yi aikin mai da nauyin yanzu kafin ruwa ya zauna. In damina ta riga ku, sauran ya jira kaka, Inna ta yi shanya a kan rumfa 'yan watanni.

Duk wannan ba aikinka ba ne, ba na Bilya ba ne. Mutum ɗaya ne a Wudil ya san inda kowace azara take kwance a ɗakin nan, don da hannunsa aka ɗaura ta. Ka je wurinsa da safe, ba a masallaci ba, a gidansa. Ka tafi da ɗaya daga cikin mutanen da suka ji abin da ka faɗa a zaure, don a gaban wanda aka ɓata a gabansa ake gyarawa. Ka cire takalmi ka durƙusa, kada ka kawo hujja ko ɗaya, ka gaya masa har maganar tabarma. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zai yi faɗa, ka bar shi ya yi, haƙƙinsa ne. In ya huce ka tambaye shi dalilin da ya sa hawan ba su zo daidai ba. Ni zato nake, amma mutumin da ya iya ɗaurin baka ba zai kasa daidaita matakala ba. Ina jin da ƙafar mace mai ciki, da kaya a ka, aka auna ta, aka kuma bar mata wurin tsayawa ta huta a tsakiya. In haka ne, kai ma kana cikin awon.

Saura maganar mahaifiyarka. Malam tela, tsohuwar nan lafiyar hankalinta ƙalau, ta ma fi ku duka. Matar magini ce shekara talatin da wani abu, ita take share ɗakin kullum, kana tsammani ba ta ga garin ƙasa a gindin bango ba? An rataya mata tabarmar da ba ta rataya ba, an matsar mata da jere, ta kasa ganewa? Ta janye gadonta daga ƙarƙashin bakan ta kai bakin ƙofa. Ta aika wa Baffanka da daddawar da ta hana kowa, don in ka je ka tarar an riga an share maka hanya. Ɓawon ɗorawa kuwa ai shi ne makuba, da shi ake yaɓen da ruwa ba ya ci, kuma na tabbata ita take tara wa mahaifinka duk shekara. Ta san za a yi gyara, ta san wanda zai yi, har ta fara tanadin kayan aiki. Ba za ta iya duban ɗan farinta ta ce ya yi kuskure ba, sai ta bi ta inda al'ada ta bar mata. Ta rufa maka asiri fiye da yadda tabarmarka ta rufa. Ka sauke tabarmar da hannunka a kan idon Inna, ka durƙusa ka faɗa, ko da bango za ta duba. Saudatu ma ka ba ta haƙuri, ka ɗora mata kayan da ba nata ba.

Abu na ƙarshe, kuma ka roƙi Baffa ya yarda da shi. In an gama, hawa sun bushe sun yi ƙwari, a bar yaɓen saman katangar dafawa ya zama aikin ƙarshe. Ranar da aka shafa shi, tun yana ɗanye, ka kwance ƙyauren karan nan da kanka. A ce wa Inna ta hau, Saudatu tana bayanta, ta dafa yadda ta saba tun daga ƙasa har sama. Kada kowa ya bi baya ya shafe sawun. Tun ran gini ran zane. Wancan kwarin shekara arba'in ta yi tana yin sa, ba ta da wasu arba'in ɗin, sai ku ba ta shi a rana ɗaya.

Ranar ma ba za ta kira sunanka ba, kada ka tsaya jira. Ka koma kan kekenka. In ka jiyo muryarta daga saman soro tana yi wa Saudatu faɗa an baza kalwa da kauri, to ta yafe.

Allah ya tsayar da ɗakin, ya sanyaya zuciyar Baffa, ya ƙara wa Inna lafiya da ƙarfin gwiwa, ya jiƙan wanda ya gina.

Malam Labaran